Ayari da Zango: Tarihin Doguwar Tafiyar Iyali daga Birnin Kano

Doguwar tafiya ta ƙasa, irin wadda magidanci zai ɗauki matarsa su bar gida wata da watanni, suna kwana a zango suna sauka a gidajen dangi, tsohuwar al'ada ce a birnin Kano. Kafin layin dogo ya iso a 1911, duk wanda zai fita daga cikin ganuwa zuwa wata ƙasa mai nisa da ƙafa zai tafi, ko a kan jaki, doki ko raƙumi. Abu uku ne suka fi fitar da iyali daga gida: fatauci, aikin hajji da sada zumunci, kuma sau da yawa tafiya ɗaya kan haɗa biyu daga ciki, ko ma duka ukun. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Akwai ta yamma zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, inda ake saro goro. Akwai kuma ta gabas, wadda ke ratsa Barno, Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Abin da ya riƙe waɗannan tafiye-tafiye shi ne tsarin zango da masauki. Kowane ayari kan bar wasu mutanensa a garuruwan hanya, su yi aure su kafa gida, su zama masu saukar waɗanda za su biyo baya.

Asalin al'adar

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134). Tun daga nan birnin ya zama mafaka ga baƙo da dukiyarsa. Littafin ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ne Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Wani tsohon rubutu na zuriyarsu ya kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa, ya kuma ce niyyar hajji ce ta taso da su, wasu suka tsaya a Gobir da Katsina, sauran suka zauna a Kano. Ko wane zamani aka ɗauka, labarin ya nuna salon da ya daɗe yana maimaituwa: jama'a su taso da iyalansu da nufin wucewa, zango ya yi musu daɗi, su zama 'yan gari. Unguwar Madabo da malamanta suna danganta kansu da wannan zuwa.

A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka ambaci buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar kayan arewa da na kudu. Baƙin da kasuwar ta jawo suka kafa unguwanninsu a cikin birni, irin su Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. A wajen ganuwa kuma Fagge ta zama wurin saukar ayarin raƙuma. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da mutum 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da kasuwa ke ci, adadin kan kai 60,000. Wannan ya nuna yawan mutanen da rayuwarsu ta rabu biyu, rabi a gida rabi a hanya.

Shirin tafiya

Ana tashi ne bayan kaka, idan an shigar da amfanin gona rumbu, koguna sun janye, hanya ta bushe. Madugu kan sanar da ranar tashi bayan ya shawarci malamai, an yi istihara an ba da sadaka. Mai tafiya kan biya bashin da ake binsa ko ya bar shaida a kansa, ya yi wasiyya, ya danƙa gidansa a hannun wa ko ƙane, ya bar wa waɗanda suka rage hatsin da zai kai su. Ba kowace mace ke bin mijinta ba. Matan manyan attajirai da ke cikin kulle galibi a gida suke zama, sai mai gida ya tafi da ɗaya daga ciki ko da ƙwarƙwara. A fiƙihun Malikiyya, mai mata fiye da ɗaya yana iya zaɓar wadda zai yi tafiya da ita, amma idan tafiyar hajji ce ko ta yaƙi sai a yi ƙuri'a.

Haɗa guzuri aikin mata ne, kuma yakan ɗauki kwanaki. Ana surfa gero a shanya, a daka gari, a yi dakuwa da ƙuli-ƙuli, a tanadi kilishi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da man shanu a tandu. Kayan aiki su ne tukunya, muciya, ƙwarya, ludayi, tabarma, buzu, buta, salkar ruwa da ƙyastu na kunna wuta. Namiji kan ɗauki takobi ko kwari da baka, ya ɗaure kayan sayarwa a mangala. Daga Kano ana fita da turkuɗi da sauran baƙin tufafi na marinar birni da ta Kura, da jar fata, takalma, kanwa, gabu da dutsen ado.

Daga nan sai sallama. Miji da mata kan bi dangi gida-gida suna neman gafara, domin babu tabbacin sake saduwa. Tsofaffi kan sa albarka, a ce "Allah ya kiyaye hanya, ya sada mu da alheri." A wannan zagaye ne ake ba su saƙonni: wasiƙar ajami zuwa ga wani ɗa da ke Jega, turmin zane ga wata 'ya da aka aurar a Yandi, ko labarin rasuwa da za a isar wa wanda bai ji ba. Ana yi musu rakiya har bakin ƙofa. Masu yamma kan fita ta Kabuga ko Dukawuya, masu gabas ta Ƙofar Mata ko Nasarawa, masu arewa ta Mazugal ko Ƙofar Ruwa. Da yake ana rufe ƙofofin birni da faɗuwar rana, ayari a bayan ganuwa yake taruwa, a yi kwanaki ana jiran na ƙauyuka su iso.

Hanyar Gwanja

A ƙarni na 19 fataucin goro ya fi ƙarfi a hannun zuriyoyi uku: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa suka zauna a karkarar Katsina da Kano, da Kambarin Barebari, masu asali daga Barno, waɗanda Gummi ta zama cibiyarsu. Goron kansa a kurmin Ashanti yake fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi. Tsakanin Kano da Salaga ya haura kilomita 1,000, kuma zuwa da dawowa kan ci daga wata shida zuwa shekara guda.

Wasu ayarin kan bi ta Zamfara da Jega su haye kogin Kwara a Ilo ko Gaya. Wasu kan bi ta Birnin Gwari da Kontagora su haye a Yawuri ko Busa. Daga nan a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Nikki da Jugu, ko a zaga ta Gurma da Sansanin Mango, a sauka Yandi, sannan Salaga. Baturen nan Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ce mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin dako ma kusan haka.

Ayari yana da shugabanci tsayayye. Madugu ne uban tafiya, shi ke yanke hukunci, shi ke ganawa da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa da gaisuwa. Jagaba ke gaba, domin shi ya san hanya da mashaya da wurin da ya dace a yada zango. Uban dawaki ke tara kason kowa na kuɗin da za a biya. Malamin ayari ke jan salla, ya rubuta lissafi da wasiƙu, ya yi addu'a idan an shiga dajin da ake tsoro. Akwai makaɗa da ke sanar da tashi da sauka. A cikin ayarin akwai bayi, wasu suna dako, wasu kuma su ne hajar da za a sayar, domin cinikin bayi wani ɓangare ne na wannan fatauci har zuwa farkon ƙarni na 20.

Rayuwar zango

Ana tashi bayan sallar asuba, a yi tafiya har rana ta take, sannan a sauka. Zango yakan kasance a bayan gari, kusa da rafi ko rijiya, a ƙarƙashin tsamiya ko kuka. Da an sauke kaya sai kowa ya kama aikinsa. Maza su jera kaya a tsakiya, su yi wa jakuna dabaibayi, su yanko ciyawa da rassa su kafa bukkoki, su kewaye wurin da ƙaya idan dajin na kuraye ne ko na ɓarayi. Mata su ɗebo ruwa, su haɗa murhu da duwatsu uku, su ɗora tukunya. Mai iyali yana da bukkarsa shi da matarsa, gwauraye kuma su haɗu a wuri ɗaya. Matar falke takan dafa fiye da abin da gidanta zai ci, ta sayar wa marasa iyali tuwo ko fura, ta haka take tara nata jarin. Matar madugu ita ce uwa ga sauran mata, ita ake kira idan naƙuda ta kama wata ko rigima ta tashi. Matan ƙauyen da ke kusa kan kawo nono, hatsi, doya da itace, a yi 'yar kasuwa kafin magariba. Da dare a hura wuta, maza su yi gadi bi da bi.

A dawowa aikin ya fi yawa, saboda goro ba ya son zafi ba ya son iska. Ana shirya shi a huhu ko waga, a lulluɓe da ganyen fita. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a baje shi a inuwa, a tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a canza ganye, a sake ɗaurewa. Miji da mata kan zauna a tabarma ɗaya suna wannan tsinta, suna ware goriya daga marsa da minu, suna ƙirga ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari. Sakacin kwana biyu na iya cinye ribar shekara.

Hatsarin hanya ba kaɗan ba ne. Dajin Bargu ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi. Ƙudan tsando na kashe jakuna idan an gangara kudu. Kurkunu, agana da zazzaɓi kan kwantar da mutane, haye kogi da jirgin fito kuma kan ci kaya da rayuka. Wanda ya kwanta ciwo ba a tsayar da ayari dominsa. Sai a bar shi a hannun wani Bahaushe mazaunin garin, matarsa ta zauna jinya, su jira ayari na gaba. Da yawa daga cikin waɗanda aka bari haka ba su sake tashi ba, nan suka zauna.

Ƙananan garuruwa da dangin hanya

Ƙananan garuruwa su ne ƙashin bayan wannan tsari. A ƙasar Kano, garuruwa irin su Bebeji, Madobi, Kura da Bichi gidajen fatake ne, inda ake kiwon jakuna ake tara haja. A can gaba kuma kowane gari mai kasuwa yana da unguwar baƙi da sarkin zango da limami. Falke ba ya sauka haka kawai, yana da fatomansa, wato mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Sau da yawa fatoman ɗan'uwa ne ko suruki, domin fatake kan aurar da 'ya'yansu ga abokan cinikinsu na garuruwan hanya. Ta haka fatauci da zumunci suka zama abu ɗaya. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, kuma ga falke kowane zango ziyara ce.

Saukar baƙo tana da ladubbanta. Ruwa ake fara kawowa, sannan abinci, sai an huta ake tambayar labarin gida da na hanya. Namiji kan tsaya a zaure tare da mai gida, matarsa ta wuce cikin gida wurin mata. Idan gidan surukai ne, miji kan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gai da Baba da Inna kansa a sunkuye, ba ya kuma sakin jiki ya ci abinci a gabansu. Ana fito da tsaraba da saƙonni, a karanta wasiƙu, a yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun rabuwa, a nuna yaran da aka haifa. Ranar tashi mai gida ya ƙara musu guzuri, wani lokaci ya haɗa su da ɗansa ya je birni karatu, ko su bar tasu 'yar a hannun gwaggonta riƙo.

Tarihin Alhassan Ɗantata ya nuna yadda iyali ɗaya kan bazu a kan wannan hanya. An haife shi a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa masu fataucin Gwanja. Bayan rasuwar mahaifinsa Abdullahi, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara da zama. Da ya tasa ya bi ta can, daga baya ya shiga fataucin goro, ya zauna a cikin birnin Kano, ya zama babban attajirin gyaɗa har rasuwarsa a 1955. Haka kuma Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya saba da hanyar Gwanja tare da mahaifinsa, ya zauna a Salaga, sannan ya koma Kete Karachi inda ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934.

Bayan Turawan Ingila sun ci Ashanti a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa ta. Hausawan garin suka bazu zuwa Kintampo, Kete Karachi, Kumasi da Akara. Unguwannin da suka kafa har yau zango ake kiransu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa mazaunansu. Sabon Zango na Akara, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, yana cikin sanannu.

Hanyar gabas

Tafiyar da ta fi haɗa miji da mata ita ce ta hajji. Falke na iya barin iyalinsa, amma mai niyyar Makka ya san zai yi shekaru, matarsa kuma tana bukatar miji ko muharrami don ta sauke nata faralin. Saboda haka gida sukutum yake tashi, da yara da tsofaffi. A da, masu hali kan bi ayarin Sahara ta Agadas da Fezzan zuwa Masar. Hanyar gabas ta cikin ƙasashen Sudan ita ce ta talaka, domin ana iya yin ta da ƙafa, ana aiki ana ci.

Shekarar 1903 ta buɗe wannan hanya sosai. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a masu yawa daga birane da ƙauyuka, har da na ƙasar Kano, suka bi shi da matansu da 'ya'yansu. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin ya zama babban masaukin mahajjatan ƙasar Hausa. Bayan an kashe mayaƙin nan Rabe a Kusuri a 1900, Faransa ta ci Wadai a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916, yaƙe-yaƙen hanya suka lafa, masu tafiya suka ƙaru.

Daga Kano ana bi ta Azare, Potiskum da Yerwa, a wuce Dikwa, a haye kogi a Kusuri zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Daga nan sai Ati, Abeshe da Adare, a shiga Sudan ta Jinaina, a bi ta Fashir ko Niyala zuwa Nuhud da Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. Ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Sawakin, inda ake killace mahajjata don binciken lafiya kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tsakanin Kano da Sawakin ya haura kilomita 3,000.

Ba a yin wannan tafiya a jere. Iyali kan yi 'yan zanguna, guzuri ya ƙare, su tsaya neman na gaba. Idan damina ta riske su sai su ari gona su yi noma, su tashi bayan girbi. Namiji kan yi ƙodago, wanzanci, ɗinkin hula, ga-ruwa, yankan farce ko koyar da allo. Mace kan soya ƙosai, ta dama fura, ta yi kitso, surfe ko wankau. Sau da yawa kuɗin sana'ar matar ne ke ciyar da gida, na mijin a ƙulle shi don jirgi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, dubban mahajjata suka sami aikin tsinta da noma. Ana haihuwa a hanya, ana aure, ana binne mamata. Yaron da aka goyo daga Kano kan isa Makka da ƙafarsa, wani ma ya dawo da gemu.

Gwamnatocin mulkin mallaka sun sa dokar fasfo da ajiye kuɗin komowa. Marasa hali kan kauce wa tashoshin hukuma su haye Bahar Maliya a ƙananan jiragen ruwa, abin da ya jawo asarar rayuka. Wasu yara da mata sun faɗa hannun masu sayar da mutane a Hijaz, inda ba a haramta bauta ba sai 1962. Da yawa kuma ba su ƙarasa ba, ba su komo ba. Zuriyarsu ce ke zaune a unguwannin Hausawa na Injamena, Abeshe, Wad Madani, Gadarif, Kasala da Fot Sudan, inda ake kiransu Takari ko Fallata. Agashe, naman da aka san Hausawa da shi, ya zama abincin titi a biranen Sudan. Masanin nan C. Bawa Yamba, a bincikensa da ya fito a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. A Saudiyya kuma akwai gidaje masu amsa sunan Hausawi a Makka, Madina da Jidda.

Jirgin ƙasa, mota da jirgin sama

Isowar layin dogo ta karya ayarin Gwanja cikin 'yan shekaru. Goro ya koma biyowa ta teku daga Akara zuwa Legas, a ɗoro shi a jirgin ƙasa zuwa Kano. Daga baya noman goron ya yaɗu a ƙasar Yarabawa, fatake suka koma Agege, Shagamu da unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Tsarin mai masauki da dillali ya bi su can bai canza ba, amma kwanan daji da bukkar zango suka wuce. Tafiyar da ta zama ta kwanaki ba ta bukatar a ɗauki mace don girki, sai falke ya ajiye iyali a Kano, wani ya ƙara aure a kudu.

Hanyar gabas ta fi daɗewa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji ta jirgin ruwa a 1921, Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi nasa a 1937, amma talaka ya ci gaba da bin ƙasa. A 1948 attajiran Kano uku, Alhaji Mahmud Ɗantata, Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai mai suna West African Pilgrims Association, wadda ke ɗaukar mutane a manyan motoci zuwa Sudan. Tafiyar shekaru ta dawo ta watanni. Har a lokacin ana kwana a fili, a shimfiɗa tabarma a gefen mota, mata su ɗora tukunya kamar yadda iyayensu suka yi. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, kuma a shekarun 1950 aka fara jigilar alhazai ta sama daga filin jirgin Kano. Da aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, jirgin sama ya riga ya zama hanyar mafi yawan mutane, ko da yake an ci gaba da samun masu bin ƙasa a cikin shekarun 1970.

Abin da ya rage a yau

Cikin dalilai ukun nan na fatauci, hajji da zumunci, sada zumunci ne ya fi riƙe siffarsa ta da. Magidanci a Ƙoƙi, Madabo ko Yakasai yakan ɗauki iyalinsa bayan salla ko lokacin hutun makaranta su zaga dangi a Gwarzo, Rano, Ɗambatta ko Katsina, su haye iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, wasu har Kumasi da Akara. Ganin gida, wankan jego, biki, suna da ta'aziyya su ne ke tayar da irin wannan tafiya. Ana tashi daga tashoshin mota irin su Ƙofar Ruwa, Ƙofar Wambai da Unguwa Uku, ko a motar gida. Tsaraba, guzuri da saukar dangi suna nan, kuma har yanzu abin kunya ne mutum ya kama ɗakin otal a garin da yake da ɗan'uwa. Wanda dare ya riska a inda ba shi da kowa yakan nemi masallaci, tasha ko gidan mai unguwa.

Siyasar iyakoki da tsaro su ke buɗe hanya ko rufe ta a wannan zamani. Dokar korar baƙi ta Gana a 1969 ta maido Hausawa da yawa gida, wasu ba su taɓa ganin Kano ba sai a lokacin. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har kwana 90. Rikicin Boko Haram tun daga 2009 ya sa tsohuwar hanyar Dikwa da Gamboru ta zama mai hatsari, fashin daji ya taɓa hanyoyin Zamfara da Birnin Gwari, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya raba Hausawan can da dama da gidajensu. Wayar hannu ta karɓi aikin wasiƙar ajami, goro yana sauka a kasuwar Mariri cikin manyan motoci, maniyyata kuma suna kwana a sansanin alhazai kafin su hau jirgi. Gidajen tsofaffin fatake na cikin birni suna ci gaba da ƙulla aure da musayar riƙon yara da danginsu na Gana, Nijar, Chadi, Sudan da Saudiyya, a kan layin garuruwan da ayari ya bi.